Cinikin Keke a Gangaren Sai-Wata-Rana

Abin da na rasa a wannan sha'ani uku ne: keken marigayi mijina, rabin kwalbar man gyaɗa, da kabeji goma sha ɗaya da suka kusa isa yanka. Abin da na samu kuwa, mutumin da ya fi kowa baki a garinmu, yanzu in ya hango ni sai ya sake hanya.

Ni ce Tasalla mai waina ta bakin tasha. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata biyar na yi na gudu. Amma ciniki kam ba wanda ya koya mini, kuma ba a haifi wanda zai kayar da ni ba.

Wani mutum ne a garinmu, can saman tsaunin Mambila inda gajimare ke shigowa har tsakar gida. Sunansa Mamuda, ana ce masa Na-Turai. Ya taɓa ɓacewa shekara uku ba labari. Da ya dawo sai ga shi da wata jar jaket mai kumburi, iyakarta cibiya, wai daga Siwizalan yake. Tun daga ranar kunnen mutanen gari bai sake hutawa ba. Kullum yana teburin Hudu mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana zuba.

"Ku waɗannan tuddan kuke kira duwatsu? A can, in ka hau ƙololuwa sai ka sunkuya jirgin sama ya wuce."

Hudu ya ce, "Ikon Allah."

"Kuma a kan keke muke gangarowa. Akwai ranar da na sako gudu, ni na iso da hantsi, inuwata sai bayan la'asar ta iso, tana haki."

"Ikon Allah," in ji Hudu, yana fifita wuta.

To, mijina Malam Siddi, Allah ya jiƙansa, shi ya san kowane burtalin shanu a tsaunukan nan. Duk rani wasu baƙi kan zo, Turawa da 'yan Legas, da kekuna a bayan mota. A kai su can sama, su kifa hulunan kwano, su sako ƙasa kamar an jefo su. Ba kasuwa za su ba, ba biki ba. Gangarowar kawai suka zo yi. Malam ne ke nuna musu hanya. Zuwansu na ƙarshe suka bar masa keke guda kyauta.

Wannan keke ba irin namu ba ne. Tayoyinsa kamar na babur, duk ƙuraje. In ka danna shi sai ya lotsa ya taso kamar sabuwar katifa. Birkinsa kuma ba a bakin taya yake kamawa ba, wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, gaba da baya. Malam ya gaya mini abu biyu a kansa. Na ɗaya, ya fi sabon babur tsada. Na biyu, ko da wasa kada maiƙo ya taɓa faifan nan.

Da na fita takaba na duba rufin ɗakina. Kwanon ya zama rariya. Daminarmu kuwa wata tara take yi ba ta gajiya. Ba ni da gona sai ɗan lambun kabeji a bakin rafi, ba ni da ɗa namiji. Keken nan shi kaɗai ne abin da Malam ya bari mai daraja. Na ce a sanar, na sayarwa ne.

Washegari sai ga Na-Turai, ya jawo Hudu wai ya zama shaida.

"Gaisuwa, matar Yaya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ciniki ko gaisuwa?"

Ya zagaya keken sau biyu yana taɓe baki. Ya danna shi, keke ya lotsa.

"Ash! Bayansa ya karye."

"Haka aka ƙera shi."

"Ba kariya. A ina mutum zai ɗaura buhu? Ba ƙararrawa. Ba fitila. Ko abin jingina shi babu. Yaya Tasalla, an cuci Malam, rabin keke suka ba shi. Amma saboda zumunci, na saya dubu talatin."

"Albarka."

"Nawa kike so?"

"Dubu ɗari huɗu."

Hudu ya yi tari. Na-Turai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ɗari huɗu! A can irin wannan 'yan firamare ke zuwa makaranta da shi. Ni wanda nake hawa, giyarsa arba'in da bakwai."

Na ce, "Baƙin nan dai da shi suke gangaro Sai-Wata-Rana."

Sai-Wata-Rana sunan gangaren da ke bayan gari ne. Tsohon burtali ne da ya taso daga ƙololuwa ya faɗo bakin rafi, daidai lambuna. Shanu ma a karkace suke saukarsa. An ba shi sunan ne saboda abin da ake ce wa wanda ya zame daga sama.

Na-Turai ya leƙa ta katanga ya kalli tsaunin.

"Wannan ɗan kunyar dankalin? Ido rufe zan sauko shi, ina shan rake."

Ni kuwa na daɗe ina kallon mutumin nan. Tun da ya dawo ban taɓa ganinsa a kan keke ba, ko na ɗaukar itace. Na ce a raina, yau na kama ka.

"To mu yi haka. Ranar kasuwa ka hau. In ka iso bakin rafi kana kan keke, ka ɗauka a dubu talatin ɗinka. In ka iso ta wata hanya dabam, ka saya dole, kuma mu sake ciniki daga farko."

Ya kalli Hudu. Hudu na kallonsa, baki buɗe, irin na wanda zai kai labari tebur kafin azahar.

"Na yarda," in ji Na-Turai. "Hudu, ka shaida. Wallahi tausayinta nake ji."

Ranar kasuwa da sassafe ya iso wurin wainata, inda na jingine keken. Jar jaket a sama, a ƙasa kuma wani wando buje mai faɗin hantsa, sabo dal, wai kayan nasara. Mutane sun fara taruwa. Ya tura keken kaɗan ya matsa birki. Da yake raɓa ta sauka a kai, sai faifan ya yi ƙiiiii!

"Kun ji ko? Kuka yake yi. Ƙishirwa ce. Tun da aka kawo keken nan ba wanda ya ba shi mai."

Kafin in ankara ya sure kwalbar man gyaɗata daga gefen tanda.

"Kai! Ajiye! Malam ya ce maiƙo ba ya taɓa faifan nan."

"Malam ya je Turai?"

"Na-Turai, ina gaya maka gaskiya. Kada ka zuba."

"Yaya Tasalla, ke a tanda kika san mai. Ƙarfe kuwa duk inda ya yi kuka mai yake nema. Ko ƙofar ɗaki haka take."

Mazan da ke wurin duk suka gyaɗa kai. Ai haka kowa ke yi wa kekensa, in ya yi ƙara a ɗiga masa mai. Na juya na ce, "Hudu, sau nawa na hana shi?"

"Biyu."

"To ga na uku. Kada ka zuba."

Ya tuttula. Gaba, baya, har yana shafawa da yatsa kamar mai shafa wa jariri. Ya tura keken ya matsa birki. Shiru kake ji.

"Kun gani? Ya yi lafiya."

Na ɗauko hular kwanon Malam na miƙa masa. Ya ce ta 'yan koyo ce. Na ce ko ya sa ko a fasa, don ni ba na ciniki da gawa. Ya ɗora ta a kan hularsa ta zanna, ta zauna can sama kamar an kifa wa tulu ƙwarya.

Baƙi da mota ake kai su. Shi da ƙafa ya tura. Mu kuma muka gangara bakin rafi muka tsaya jikin lambuna. Tsaunin nan ba daji gare shi ba, ciyawa ce gajera, komai a fili kamar an baza a tabarma. Muna kallon jar jaket tana hawa, tana tsayawa, tana hawa, tana zama. Awa biyu cur. Na sayar da waina ta ƙare tas a wurin, don rabin kasuwa ta dawo bakin rafi.

Ya kai sama. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"Me yake yi?" in ji wani.

Hudu ya kare ido da hannu. "Ina jin yana neman inuwarsa ne, su taho tare."

Daga baya muka ji dabarar da ya ƙulla. Ai ba a yi maganar gudu a sharaɗi ba. Niyyarsa ya damƙe birki biyu, ya ja ƙafa a ƙasa, ya lallaɓo kamar hawainiya ko da zai kai magariba. In ya iso a zaune, keke ya zama nasa a kuɗin akuya.

Ya hau. Ya matsa birki.

Keke ya ce bai san zancen ba.

Jama'a, na ga gudu a rayuwata. Na ga motar katako da birkinta ya tsinke a kwanar tsauni. Amma ban taɓa ganin abu ja ya taho irin na ranar ba. Fiuuu! Wurin farko tsakuwa ce mai zamewa, inda baƙi ke bi a hankali. Shi ko taɓa ta bai yi sosai ba. Tar-tar-tar-tar, ya wuce. Ƙafafunsa sun bar feda, sun baje hagu da dama kamar kwaɗo a ruwa. Bujen ya sha iska ya kumbura.

Muka fara jiyo murya daga nesa.

"Kirari yake yi!" in ji wani mahauci. "Kai, mutumin nan ashe gaskiya yake faɗa!"

Sai ga wani dutse mai baki, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, inda Malam ya ce baƙi da yawa kan sauka su ɗaga keke a kafaɗa. Na ce to, nan ne. Na gyara ɗaurin zane. Keke ya taka bakin dutsen ya tashi sama. Sama fa! Muka ga sarari a ƙarƙashin tayoyi. Ya dira, ya lotsa, ya taso, ya ci gaba. Mutumin yana kai.

Wuri ya kaure da ihu. Mata na guɗa.

Sai kwanar itatuwan turare. Nan hanya ta lanƙwashe kamar lauje. Na-Turai bai lanƙwasa komai ba. Ya ratsa ta tsakanin bishiya biyu da ko jaki mai kaya ba zai wuce ba, ya fito da reshe a baki, ya sake faɗawa kan burtali. Yana kai.

Na fara karanta duk addu'ar da na iya. Dubu talatin! Ko kusoshi ba za su saya mini ba. Na hango kaina cikin damina, kwanuka jere a tsakar ɗaki suna tarar ruwa, shi kuma yana wucewa ta ƙofata a kan keken Malam yana ɗaga mini hannu. Da bakina na gindaya sharaɗin, a gaban shaida.

Yanzu ya matso, kirarin ya fito sarai.

"Wayyo Inna! Ku tare ni! Ku tare ni don Allah! Ba birkiii!"

Ba wanda ya tare shi. Kowa ya dare.

Saura gangare na ƙarshe, wanda ya fi duka tsayuwa, shi ne ya sauko kan lambuna. Da kan keke ya nutsa ƙasa, sai Na-Turai ya ja da baya don tsoro, ya zame daga sirdi, ya zauna daram a kan tayar baya. Tayar nan mai ƙuraje tana juyawa kamar injin niƙa. Ta cafki hantsar buje.

Ɓas! Tazuge ya tsinke.

Fyaaat! Wando ya tuɓe tun daga ƙugu har idon sawu, ya fice, ya nannaɗe a taya.

Taya ta cije. Keke ya yi gefe ya shiga kabejina, kaca-kaca, ya kwanta. Mutumin kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai a sama, hannu na iyo, jar jaket iya cibiya. Ashe kuma ranar ba komai a ciki. Mata suka ce "A'uzubillahi!" suka rufe ido da tafin hannu, yatsu a buɗe.

Caɓal!

Ya faɗa cikin taɓon da shanu ke shan ruwa, dab da duwatsun da ake takawa a haye rafi. Ya nutse har ƙugu. Hular kwano ta biyo baya ta sauka gefensa, tim.

Can ya tofar da ganye, ya shafa jikinsa, ya ga ba abin da ya karye. Kun san me ya fara faɗa?

"Na iso! Hudu, ka shaida, na iso bakin rafi!"

Na shiga lambu na warware wandon daga taya, na kaɗe shi, na rataya a kafaɗa. Na zo bakin taɓo na tsaya.

"Ka iso. Keke ma ya iso. Amma ba tare kuka zo ba. Hudu?"

Hudu na sharar hawaye. "Gaskiya wando ne ya iso a kan keke."

"To sai mu sake ciniki."

"Miƙo mini wandona tukuna."

"A jikin kekena na same shi. Ciniki ɗaya ne. Nawa ka saya?"

"Yaya Tasalla, ruwan nan sanyi gare shi."

"Na sani. Nawa ka saya?"

"Dubu hamsin."

"Albarka."

Ya juya wajen Hudu. "Ɗan'uwa, ara mini rigarka."

"Ni shaida ne," in ji Hudu. "In na tuɓe na shiga ɓangare."

Sai Hudu ya ɗaga kai ya dubi tsallaken rafi. Matan rugage ne ke gangarowa kasuwa a jere, ƙoren nono a ka. A gabansu wata doguwar tsohuwa da sanda.

"Na-Turai, waccan ba Dada Habi ba ce? Uwar matarka?"

Mutumin da ko sunanta ba ya iya faɗa don kunya. In ya hango ta a hanya, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Kuma kowa ya san halin Dada Habi. In ta ga mutum a taɓo ba za ta wuce ba, sai ta sa maza sun ciro shi a gabanta.

Ya ƙara nutsewa har cibiya.

"Dubu tamanin!"

"Albarka."

"Ɗari!"

"Albarka. Kai da ka hau mai giya arba'in da bakwai a Siwizalan, ai ka fi ni sanin kuɗinsa."

"Wace Siwizalan! Wankin mota na yi a Yola!"

Jama'a suka ce, "Aaa!"

"Jaket ɗin fa?" in ji mahaucin nan.

"Gwanjo ce! Ku bar ni da jaket! Yaya, ɗari da hamsin!"

"Sun zo gindin bishiyar fiya," in ji Hudu.

"Wayyo, wani abu na cizo na a cinya!"

"Matsattsaku ne, ba sa kisa. Albarka."

"Na rantse ba ni da kuɗin da ya fi haka!"

"Kana da shanu a wurin Fulani."

Ya runtse ido. "Akwai wani bijimi."

"Tsohon nan mai tari? Albarka."

"Sun wuce gindin fiya," in ji Hudu. "Dada ta tsaya tana kare ido, tana tambayar taron mene ne."

"Karsana! Na ba da karsana!"

"Wacce?"

"Baƙar."

Na sauke wandon daga kafaɗa na fara ninke shi a hankali, gida-gida, kamar zan sa a akwati.

"Jar! Jar!"

"Mai cikin?"

Muna jin ƙarar sandar tsohuwa a kan dutsen farko na haye rafi. Ƙwas. Ƙwas.

"Mai cikin," ya ce, da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako.

"Hudu, ka ji?"

"Ni da rabin kasuwa."

To a kan haka na sallama keken Malam: jar karsana mai ciki. Wandon kuwa, da yake mutumin ya yi mini ciniki mai kauri, na cilla masa shi gyara.